Yadda ake gwajin ma'adinai: Daga tsaunukan Riruwai zuwa ɗakin bincike

Matafiyin da ya bar hanyar Kano zuwa Zariya a Kwanar Dangora da ke ƙaramar hukumar Kiru, ya nausa kudu ta Tudun Wada ya ratsa dajin Falgore, zai iske kansa cikin tsaunukan Doguwa. A tsakiyarsu garin Riruwai yake, wanda aka daɗe da saninsa da haƙar kuza.

Abin da masu haƙa ke samu bayan sun wanke ƙasa, shi ne baƙin yashi mai nauyi. Sai dai ido ba ya iya faɗin ko nawa ne kuzar da ke cikinsa, balle ya gane ko akwai wani ma'adini mafi tsada, ko kuma guba.

Gwaji ne kaɗai ke amsa waɗannan tambayoyi, kuma a kan amsar ake yanke farashi. Wannan bayani ne kan na'urori da hanyoyin da ake bi wajen yin gwajin, da abin da kowannensu ke iya ganowa, da kuma inda yake gazawa.

Me ke cikin duwatsun Riruwai?

Masana ilimin ƙasa sun ce tsaunukan Riruwai ragowar wani tsohon dutse ne mai aman wuta, wanda ya mutu kimanin shekaru miliyan 170 da suka wuce. Dangin duwatsun Jos ne, kuma jerinsu ya miƙa har tsaunukan Azbin a Jamhuriyar Nijar.

A cikinsu akwai wata jijiyar ma'adinai mai tsawon kusan kilomita biyar, wadda ta miƙe daga gabas zuwa yamma. Ta ƙunshi kuza, da dutsen tutiya, da dutsen dalma irin wanda ake dakawa a yi tozali, da kuma dutsen jan ƙarfe. A kewayenta ana samun kolumbait, sannan a kwarin Kaffo akwai wani dutse mai ɗauke da sinadaran niyobiyam da yuraniyam.

Tun kafin zuwan Turawa maƙeran Riruwai ke narka kuza, suna zuba ta siri-siri kamar tsinkaye, fatake na kai ta kasuwanni. Irin waɗannan tsinkaye ne 'yan kasuwar Birtaniya suka gani a yankin Binuwai a shekarun 1880, suka soma neman inda suke fitowa.

A shekarar 1904 gwamnatin mulkin mallaka ta kafa ayarin binciken ma'adinai na Arewacin Najeriya. Ayarin kan tattara duwatsu ya aika da su birnin Landan domin a gwada. Ke nan tun daga farko, dutsen na nan gida, amma sanin abin da ke cikinsa na hannun wasu.

A shekarun 1970 aka buɗe mahaƙar ƙarƙashin ƙasa a Riruwai domin kuza da tutiya, amma aikin ya tsaya a shekarun 1980, zamanin da kasuwar kuza ta yi rauni har ta rushe a watan Oktoban 1985. Tun daga nan ƙananan masu haƙa ne suka fi yin aiki a yankin.

Me ya sa ido ba ya wadatarwa?

Hausawa kan ce kama da wane ba ta wane. Ƙwayar kuza, da ta kolumbait, da ta ilmenait, duk baƙaƙe ne ko masu duhun launi, duk kuma suna kwanciya a gindin kasko idan an wanke. Amma farashinsu ya bambanta ƙwarai, domin ilmenait ba shi da wata daraja idan aka kwatanta da sauran biyun.

Tarihin kolumbait kansa misali ne. Har zuwa farkon shekarun 1930, kamfanonin kuza a Jos na ɗaukarsa a matsayin dattin da ke ɓata musu kaya, suna zubarwa. Da aka gano amfanin niyobiyam wajen haɗa ƙarfe mai jure zafi, sai aka koma ana tona jujin. A shekarun 1950, lokacin da Amurka ke tara shi domin ƙera injunan jiragen sama, Najeriya ce ke samar da mafi yawan kolumbait na duniya. Yanzu Brazil ce ke kan gaba wajen samar da niyobiyam.

Batun kuɗi ma a fili yake. Tsantsar kuza na ɗauke da kusan kashi 79 cikin ɗari na farin ƙarfen da ake nema, kuma wadda aka tsabtace sosai domin fitarwa waje kan kai kashi 70 ko fiye.

Alal misali, buhu mai kilo 50 da ke da kashi 70 cikin ɗari na ɗauke da kilo 35 na ƙarfen. Wani buhun mai nauyi ɗaya amma kashi 40 cikin ɗari, kilo 20 kawai ke cikinsa. A kan sikeli duka biyun daidai suke.

Gwaje-gwajen da ake yi a bakin rami

Mafi tsufa a cikinsu shi ne gwajin nauyi. Kuza ta ninka ruwa nauyi kusan sau bakwai, alhali yashi na yau da kullum bai kai sau uku ba. Wannan ne ya sa idan aka karkaɗa kasko cikin ruwa, yashi ke tafiya, kuza ta zauna. Mai saye kan cika gwangwani ya auna: gwargwadon nauyinsa, gwargwadon kyan kayan.

Sai dai wannan awo na yaudara, saboda kolumbait da ɗan'uwansa tantalait suna da nauyin da ya kama daga ninki biyar zuwa takwas na ruwa, wato kusa da na kuza.

Na biyu shi ne maganaɗisu. Kuza ba ta bin maganaɗisu, kolumbait na binsa kaɗan, ilmenait kuwa ya fi shi bi. Da wannan bambanci ne injunan tacewa a Jos ke rarrabe su, ta hanyar ƙara ƙarfin maganaɗisun mataki-mataki.

Na uku wani tsohon gwaji ne da masu binciken ma'adinai suka daɗe suna yi. Ana ɗora ƙwayoyin a kan ɓallin tutiya, a zuba musu ruwan asid mai sauƙi. Bayan 'yan mintoci ƙwayar kuza kan yi wani farin lulluɓi mai launin toka, wanda ke ƙyalli idan an goge, sauran kuma su zauna baƙaƙe.

Duk waɗannan na nuna ko akwai kuza ko babu. Ba sa bayar da adadi na haƙiƙa.

Na'urar XRF

Wannan ita ce na'urar da ta fi yaɗuwa tsakanin dillalan ma'adinai a yau. Ta hannu ba ta fi injin huda katako girma ba, kuma tana ba da sakamako cikin ƙasa da minti guda.

Tana aiki ne da hasken eksire, wanda ake ɗaukar hoton ƙashi da shi a asibiti, kuma Bajamushe Wilhelm Röntgen ne ya gano shi a shekarar 1895. A 1913 wani masani ɗan Ingila, Henry Moseley, ya nuna cewa idan aka buga wa kowane sinadari ƙarfi, yakan fitar da nasa hasken eksire na daban, kamar yadda kowane mutum ke da zanen yatsansa.

Saboda haka idan na'urar ta haska samfur, takan karanta hasken da ya dawo, ta lissafa sinadaran da ke ciki: kuza kashi kaza, niyobiyam kashi kaza, dalma kashi kaza.

Amma tana da iyaka. Saman abu kawai take gani, ba ta shiga ciki da nisa. Idan aka haska ta a bakin buhu, labarin bakin buhun za ta bayar. Danshi da girman ƙwayoyi na sauya sakamako, haka ma idan ba a daidaita ta da samfurin da aka riga aka san adadinsa ba.

Bugu da ƙari, ba ta ganin sinadarai marasa nauyi irin su litiyam, wanda ake yin batiran wayar salula da na motoci da shi, kuma ake rububinsa a wasu jihohin arewa. Duk wanda ya ce ya auna litiyam kai tsaye da XRF ta hannu, to ya faɗi abin da na'urar ba ta iyawa.

Na'urorin ɗakin bincike

XRF na faɗin sinadaran da ke cikin dutse, amma ba ta faɗin yadda suke zaune. Wannan aikin wata na'ura ce da ake kira XRD, wadda ta samo asali daga binciken Max von Laue a 1912, da na William Bragg da ɗansa Lawrence, waɗanda suka samu lambar Nobel a 1915. Ana nika dutsen ya zama gari, a haska shi, sai yadda hasken ya karkace ya nuna tsarin ƙwayoyinsa.

Wannan na da muhimmanci a Riruwai, domin niyobiyam da ke cikin kolumbait na da sauƙin tacewa da ruwa da maganaɗisu, amma wanda ke cikin dutsen Kaffo ƙwayoyinsa ƙanana ne, kuma raba shi na da wuya da tsada.

Idan ana neman abin da bai taka kara ya karya ba a yawa, kamar dalma a cikin ruwan sha, sai a koma ga na'urar AAS, wadda Alan Walsh ya ɓullo da ita a Ostareliya a 1955. Ana narkar da samfurin cikin asid, a fesa shi cikin harshen wuta, a auna yawan hasken da sinadarin ya shanye. Wata na'urar da ta fi ta gani, mai suna ICP-MS, wadda ta shiga kasuwa a 1983, na iya gano kashi ɗaya cikin miliyan dubu, kuma takan auna sinadarai da dama a lokaci guda.

Akwai kuma madubin ƙara girma mai aiki da lantarki, wanda ke ninka girman ƙwaya sau dubbai. Da shi ake ganin ko kuzar ta rabu da dutsen da ke riƙe da ita, abin da ke nuna iya laushin da ya kamata a nika.

Zinariya kuwa har yau da wuta ake tabbatar da ita, kamar yadda aka yi shekaru dubbai. Ana narka samfurin tare da dalma, dalmar ta kwashe zinariyar, sannan a ƙone dalmar cikin wani ɗan kasko mai tsotsewa, a auna ɗigon da ya rage.

A ina ake yin gwajin a arewa?

Hukumar Binciken Ƙasa ta Najeriya, wadda tushenta ya koma 1919, na da babban ɗakin gwaje-gwaje a Kaduna. A Jos akwai Cibiyar Bunƙasa Ƙarafa ta Ƙasa. Sassan kimiyya na jami'o'i, ciki har da Jami'ar Bayero ta Kano, su ma na da wasu daga cikin na'urorin.

A Zariya, Cibiyar Bincike da Horarwa kan Makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello na da ƙaramar tukunyar nukiliya ƙirar Sin, wadda ta soma aiki a 2004 da ƙarfin kilowat 30. Ba domin samar da wutar lantarki aka kafa ta ba, babban aikinta shi ne gwaji. Ana saka ɗan samfur a ciki, ƙwayoyin niyutiron su buge shi, sai kowane sinadari ya riƙa fitar da tururin da ake gane shi da shi. A 2018 aka sauya mata makamashi zuwa yuraniyam maras ƙarfi, aka mayar da tsohon ƙasar Sin.

Samfur shi ne tushe

Masu wannan sana'a sun yi ittifaƙi cewa kuskuren da ya fi yawa ba a cikin na'ura yake faruwa ba, wajen ɗibar samfur ne. Na'ura na auna 'yan giram ne kawai, kuma da su za a yi wa tan guda hukunci.

Ma'adini mai nauyi kan gangara ƙasan buhu idan an yi tafiya da shi a mota. Wanda ya ɗiba daga sama zai samu sakamako ƙasa da gaskiya. Mai algus kuma na iya ɗora kyakkyawa a sama ya ɓoye maras kyau a ƙasa.

Hanyar da aka amince da ita ita ce a zazzage kayan duka, a busar, a cakuɗa, a tara su tsibi, a baje, a raba gida huɗu. Sai a ɗauki kashi biyu masu fuskantar juna a sake cakuɗawa, a maimaita har ya rage kaɗan, sannan a nika shi ya yi laushi kamar garin tuwo.

A cinikin ƙasa da ƙasa akan raba wannan garin gida uku. Mai sayarwa ya riƙe ɗaya, mai saye ɗaya, na ukun a rufe shi da hatimi. Idan sakamakon ɓangarorin biyu ya saɓa, sai a kai na ukun wani ɗakin bincike da babu ruwansa da cinikin, hukuncinsa ya zama raba gardama.

Ƙaramin mai haƙa ba safai yake samun wannan kariya ba. Na'urar ta mai saye ce, shi ke haskawa, shi ke karantawa. Malaman fiƙihu sun yi magana mai tsawo kan cinikin abin da ba a san adadinsa ko siffarsa ba, kuma akwai sura guda a Alƙur'ani, Suratul Muɗaffifina, da ta yi gargaɗi kan tauye awo. Hausawa kuma na kiran irin wannan da cinikin biri a sama.

Lokacin da gwaji ya zama batun rai

A watan Maris na 2010 ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF suka lura da yawan mutuwar yara a wasu ƙauyukan Anka da Bukkuyum a jihar Zamfara. Yaran na suma da jijjiga, kuma maganin zazzaɓin cizon sauro bai yi musu aiki ba.

Gwajin jini ne ya nuna gubar dalma. Dutsen zinariyar da ake dakawa cikin gidaje na cike da dalma, kuma babu wanda ya sani. Fiye da yara 400 ne suka rasu.

Da na'urar XRF ta hannu aka riƙa bin gidaje ana auna ƙasa. A wasu wurare an samu dalma fiye da kashi dubu 100 cikin miliyan, alhali iyakar da Amurka ta gindaya a wancan lokaci domin wuraren wasan yara ita ce 400. Da na'urar aka san inda za a kankare ƙasa, da ita kuma aka tabbatar an tsabtace. A 2015 irin wannan ta sake aukuwa a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja.

Darasin ya shafi duk inda dutsen dalma ke cakuɗe da abin da ake haƙa, kuma Riruwai na cikin irin waɗannan wurare. Haka nan dusar da ke saura bayan tace kuza kan ƙunshi ma'adinai masu fitar da tururin nukiliya. Bincike a Jos ya nuna haka, shi ya sa masana ke gargaɗi kan amfani da ita wajen gini ko shafen ɗaki ba tare da an auna ba.

Sai batun ruwa. Kogin Kano na tasowa ne daga tsaunukan kudancin jihar, ya ratsa Falgore ya zuba a madatsar Tiga, wadda ake noman rani da ruwanta a Kadawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce bai kamata dalma ta wuce miligiram 0.01 a kowace litar ruwan sha ba. Wannan adadi ba shi da launi, ba shi da ɗanɗano, sai na'ura.

Bayan ma'adini ya zama kaya

Gwaji ba ya ƙarewa a kan dutse. Kuzar da aka narka sai ta kai tsarkin kashi 99.85 cikin ɗari kafin kasuwar ƙarafa ta Landan ta karɓe ta. Kusan rabin wadda duniya ke amfani da ita na tafiya ne wajen like wayoyin kayan lantarki, kuma tun 2006 Tarayyar Turai ta taƙaita dalma a cikin wannan haɗi, abin da ake bincikawa da XRF.

Ga kayan gini kuwa, ƙarfi ake gwadawa. Ana saka rodi cikin inji a ja shi har ya tsinke, a rubuta nauyin da ya ɗauka da yadda ya miƙe kafin ya karye. Kankare kuma akan zuba shi cikin 'yan akwatuna masu faɗin santimita 15, a jiƙa su kwanaki 28, sannan a matse su har su fashe. Waldar bututun mai da gas ana duba cikinta da eksire ko da sautin da kunne ba ya ji, ba tare da an yanka ba. Tsara mizanin irin waɗannan kaya aikin hukumar SON ne, wadda aka kafa a 1971.

Ita kanta ƙasa ana gwada ta. Madatsar Tiga da ke ƙaramar hukumar Bebeji, wadda aka kammala a 1974 zamanin Gwamna Audu Baƙo, da ƙasa aka yi jikinta, tsawon kusan kilomita shida. Ƙarfin irin wannan gini ya dogara ga yadda aka danne ƙasar hawa-hawa. Wani injiniya ɗan Amurka, Ralph Proctor, ya nuna a 1933 cewa kowace ƙasa na da wani adadin danshi da ta fi dannuwa a kansa, kuma har yau da gwajinsa ake aiki.

A watan Agustan 1988 madatsar Bagauda, ita ma a yankin Bebeji, ta ɓalle bayan ruwan sama mai yawa, ta yi ɓarna a gonaki da gidaje. Bayan haka aka rage tsayin mafitar ruwan Tiga domin sassauta mata nauyi.

Abin da ya kamata mai kaya ya tambaya

Ƙwararru na ba da shawarar cewa kafin mutum ya amince da takardar gwaji, ya nemi sanin wanda ya ɗebi samfurin da yadda ya ɗiba. Ya tambayi hanyar da aka bi, da ko ta dace da sinadarin da ake nema. Ya kuma duba ko ɗakin binciken na da shaidar ƙwarewa ta ƙasa da ƙasa mai lamba ISO 17025.

Mafi sauƙi a cikinsu ba ya buƙatar kuɗi: mai kaya ya riƙe nasa kason na samfurin. Dokar ma'adinai ta 2007 ta tanadi ƙananan masu haƙa su haɗu cikin ƙungiyoyin gama kai, kuma ƙungiya na iya biyan kuɗin gwajin da mutum ɗaya ba zai iya ba. Daga Riruwai zuwa Jos, ko Zariya, ko Kaduna, tafiyar 'yan sa'o'i ce.